Labarin matasa masu gudun mulkin zalunci: yana da mazauni a adabinmu?

Marubuciyar Gwale:

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan'uwa marubuta, ina neman shawararku kan wani littafi da na fara rubutawa. Labarin ya faru ne a Kano ta nan gaba, bayan madatsar Tiga ta kusa ƙafewa, wasu 'yan tsiraru suka mallake ruwan da ya rage, suka sake tayar da ganuwa, suka zuba masu gadi a kowace ƙofa. Dokarsu ita ce duk yaron da ya cika shekara 15 sai ya yi wa hukuma aikin tura kurar ruwa na shekara bakwai, kafin a ba gidansu katin jarka biyu a rana. Matasa huɗu daga Jakara, maza biyu mata biyu, suka tsere da tsakar dare suka nufi dajin Falgore. Da na karanta wa yayata babin farko, sai ta ce, "Wannan ai koya wa yara gudu daga gida ne, ga kuma 'yan mata a daji tare da samari, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta karanta?" Maganar ta tsaya mini a rai. Shin irin wannan labari, da ya yi kasuwa a Amurka da Ingila, zai karɓu a wurinmu?

Malamin Adabi:

Wa alaikumus salam, Malama. Yayarki ta taɓo inda gizo ke saƙa, domin a yawancin littattafan Turawa na wannan nau'i matashi yana tsayawa ne da ƙafarsa, iyaye ko dai sun mutu ko sun zama 'yan kallo, alhali mai karatu Bahaushe ba zai bi jarumin da ya fita ba da albarkar uwa ba, komai kyan dalilinsa. Gyaran kuwa ba mai wuya ba ne: ki sa uwar ce da kanta za ta tashe su cikin dare, ta ƙulla musu ƙuli-ƙuli da garin kwaki a bakin zane, ta ce su tafi. Daga nan tafiyar ta tashi daga bijirewa ta koma hijira, wadda kowa ya san matsayinta.

Kuma ba sai kin yi aro daga waje ba. A tsakiyar ƙarni na 19, Malam Hamza da almajiransa sun bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka fake a duwatsun Ningi, kuma daga wannan gudun ne aka sami ƙarfin da ya daɗe yana hana sarakunan Kano barci. Hajiya Gambo Sawaba tana da shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano a 1950, kuma an ɗaure ta sau 16 a rayuwarta. Ko ƙirƙirar duniyar da babu ita ba baƙon abu ba ne, tunda Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Ɗan Kurmi:

Na yarda da Malam kan batun uwa, amma dajin ne ban gamsu da shi ba. Falgore tana can kudancin jihar ta wajen Doguwa da Tudun Wada, tafiyar kwanaki ce a ƙasa, kuma yaron da ya tashi a Jakara bai san saiwar da ake ci ba balle inda ake tonon ruwa da rani. Abin da ya fi wannan shi ne, a yau da zarar an ce matasa sun tare a daji, abin da ke zuwa zuciyar mai karatu shi ne 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, kuma wannan ƙurar za ta bi jaruman naki ko ba ki so.

Ni da za ki ji ta tawa, ki bar su a cikin gari. Wanda ya san lungunan cikin birni ya san akwai inda mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya raɓe da bango, akwai zauren da ke ɓullewa wani lungu, akwai rumfunan Kurmi da rana ba ta shiga sosai. Tsoron ma ya fi kama jiki a nan, domin mai kai rahoto ba baƙo ba ne, mai shayin bakin layi ne da ya san sunan kakanka.

Malama 'Yar Sakandare:

Ni a aji nake ganin masu karatun naki, ƙanwata. Sun gaji da labarin kishiya da attajiri mai neman mata ta huɗu, kuma a waya suke karatu, babi babi ta WhatsApp. Sai dai ki tuna Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tana nan tun 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, bisa zargin ɓata tarbiyya. Idan kika mai da yaran 'yan gida ɗaya, wa da ƙanne, kin rufe bakin mai ƙorafin cuɗanya. Kada kuma azzaluman su yi kama da wani mai mulki da ake iya nunawa da yatsa.

Marubuciyar Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan mai da su 'yan ɗaki ɗaya, kuma uwar ce za ta buɗe musu ƙofa. Dajin ne har yanzu ban iya rabuwa da shi ba, domin babi uku na riga na rubuta a can. Malam Ɗan Kurmi, idan suka kwana biyu a hanya yunwa ta koro su suka dawo birni a ɓoye cikin motar itace, hakan zai gamsar da kai?