Ta yaya kuke shawo kan dangin DNA su ɗora sakamakonsu a GEDmatch?

Maman Hanif, Manchester:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wan kakana ya bar Haɗejia da ƙafa zai tafi Makka a shekarun 1940, labarin ƙarshe da aka samu yana Sudan, daga nan shiru. Bara na yi gwajin DNA a kamfanin Ancestry, sai ga wata mata ta fito mini da cM 96 (cM shi ne ma'aunin yawan DNA da mutum biyu suka haɗa), sunanta irin na mutanen Sudan. Baffana kuma a wani kamfanin, FamilyTreeDNA, ya yi nasa, kuma Ancestry ba ya nuna a wane kuromosom kuka haɗu. Idan ta sauke fayil ɗin sakamakonta ta ɗora a GEDmatch, shafin da ake gwada sakamakon kamfanoni daban-daban da juna, zan iya gwada ta da Baffa in san ko ta wajen uba muka haɗu. Na rubuta mata sau biyu, wata huɗu ke nan ko uffan. Wanda ya taɓa cin nasara don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan Zango, Bronx:
Wa alaikumus salam Anti. Me kika rubuta a saƙon farko? Ni da na fara, takarda guda nake cikawa: shiga nan, danna can, sauke wannan, turo mini lambarka. Mutum goma sha ɗaya na aika wa, babu wanda ya amsa. Matata ce ta karanta ta fashe da dariya, ta ce kai yanzu baƙo daga Afirka ta Yamma ya ce maka ku 'yan'uwa ne, ka turo masa bayananka, ba ɗan damfara za ka ɗauke shi ba? Gaskiyarta.

Na sauya salo. Layi uku kawai: sunana, an haife ni a zangon Kumasi, kakata Bakanuwa ce 'yar fataken goro, ga hotonta. Ba na roƙon komai. Sai hira ta yi nisa, a saƙo na uku ko na huɗu, nake kawo zancen GEDmatch. Mutum huɗu sun ɗora.

Malam Na-Houston:
Nawa a juye ya zo, ni aka roƙa. Wata Ba'amurkiya baƙar fata, dattijuwa mai ritaya daga koyarwa, ta same ni da cM 14. Ta ce shekara da shekaru tana neman ɗan Afirka ko ɗaya a jerinta, ni ne na farko. Na ɗora mata a daren. Amma ban ɓoye mata ba cewa guntun DNA ƙarami irin wannan yana iya komawa baya ƙwarai, ba zai nuna mata gari ko gida ba. Ta ce ko sunan ƙabila ya ishe ta.

Inda muka maƙale shi ne ƙanenta. Muna so ya ɗora don a ga ko shi ma ya gaji guntun, ya ce atafau ba zai sa jininsa inda 'yan sanda ke leƙawa ba. Kuma ba shaci-faɗi yake ba. A Afrilun 2018 da taimakon GEDmatch aka kama Joseph DeAngelo, wani mai kisan kai da aka daɗe ana nema, a Kalifoniya, ta hanyar danginsa na nesa da suka ɗora nasu. A Mayun 2019 aka kawo tsarin da mutum ke zaɓa ko ya yarda a gwada nasa a binciken 'yan sanda. A Disambar shekarar Verogen, kamfanin da ke aikin binciken laifuka, ya sayi shafin, a 2023 kuma kamfanin Qiagen ya sayi Verogen. Duk na zayyana masa, har da maɓallin ƙin yarda. Ya saurara tsaf, ya yi godiya, ya ce a'a. Baƙin mutum a Amurka ya ce yana tsoron 'yan sanda, ni wa zan ce masa ya kwantar da hankali? Na bar shi. Har yau muna gaisawa da Sallah da Kirsimeti.

Ƙanwar Maza:
Wasu ba ƙi suke ba, wahalar ce. Nawa tsoho ne ɗan shekara 78, 'yarsa na samu muka yi kiran bidiyo. Ta nemi fayil ɗin, aka turo mata hanyar saukewa ta imel, ta ɗora shi a dunƙule yadda ya zo. Abu biyu suka sa ta yarda: na ce ta sa laƙabi maimakon sunansa, ta kuma buɗe sabon imel, tunda duk wanda kuka haɗu yana ganin adireshin. Na ƙara da cewa kyauta ne, kuma ranar da ta ga dama tana iya gogewa.

Hajiya Ta-Damagaram:
'Yata Maman Hanif, ki bi a hankali da lissafin nan. Mu masu auren zumunci lambobinmu kumbura suke. Iyayena ɗan wa da 'yar ƙane ne, kakannina ma haka, sai ki ga wanda ya kamata ya fito da kaɗan ya fito kamar ɗan baffa. Idan kuma kakanki da wansa 'yan uba ne, lambar rabewa take biyu. Saboda haka 96 ɗin nan na iya zama abubuwa da dama.

Sannan shiru ma magana ce. Akwai wani bawan Allah da ya fito wa ɗan yayata da sama da 1,700, abin da yawanci ke zuwa tsakanin kaka da jika, ko baffa da ɗa, ko 'yan uba. Shekarunsu kusan ɗaya. Yaron nan da zafin ƙuruciya ya dinga aika masa saƙo, ɗora mana, ɗora mana mu gani. Washegari mutumin ya rufe shafinsa. Na kira yaron na ce kul, kada in sake jin zancen. A addini ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma mutumin nan yana da uwa da rai watakila. Ba kowace rufaffiyar ƙwarya ake buɗewa ba.

Abban Sadiq:
Ni fa tun da aka saci bayanan mutum kusan miliyan 6.9 a kamfanin gwajin DNA na 23andMe a 2023, kamfanin kuma ya shiga fatara a Maris 2025, na daina roƙon kowa. Hotunan allo muke musaya da sunayen kakanni. Bai kai GEDmatch amfani ba, amma ba na ɗaukar alhakin jinin wani.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Zango, ka kama ni, saƙona na farko har da lambobi ɗaya zuwa shida na jera mata. Ranar Juma'a na sake rubutawa, gajere, da Larabcin da wata maƙwabciyata ta gyara mini. Na sa sunan wan kakana da na mahaifinsa, na tambaya ko danginta suna da alaƙa da Maiurno, garin da mutanenmu suka kafa a bakin Kogin Nil bayan yaƙin Burmi na 1903. Ban ambaci GEDmatch ba ko sau ɗaya.

Jiya da dare ta turo lambar WhatsApp. Na yi sallama, sai ga saƙon murya na daƙiƙa 40. Ba ita ba ce, wata tsohuwa ce, muryarta na rawa, da wata Hausa mai gauraye da Larabci, tana tambaya ko har yanzu ana kamun kifi a kogin Haɗejia. Na tura wa Baffa, ya kira ni ƙarfe biyu na dare bai iya cewa komai ba. Zancen fayil sai bayan Sallah, in Allah ya kai mu.