Ana Iya Binne Tashin Hankali a Manta Shi Ɗungurungum?

Anti Rabi: Jama'a, ni fa littattafan nan masu tsinka zuciya na ƙungiyoyin asiri sun fara gundurata. Kullum tsari ɗaya: yarinya ta taso a hannun shugaba mai da'awar wahayi, ta gudu, ta manta komai, bayan shekara 20 ta shaƙi ƙamshin wani turare sai komai ya dawo mata tiryan-tiryan. Ƙwaƙwalwa ba ta aiki haka. Wanda ya ga bala'i, matsalarsa ya kasa mantawa ne.

Hauwa'u: Haba Anti, ai mantuwar ita ce daɗin labarin! Kina karatu ba ki san wa za ki yarda da shi ba, har ita mai ba da labarin. Ni sai in kai asuba ban ajiye ba.

Anti Rabi: Daɗi daban, gaskiya daban. A 1995 Elizabeth Loftus, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta yi gwaji a Amurka, aka gaya wa mutane wai sun taɓa ɓacewa a babban kanti suna yara. Ba a yi ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka "tuna". Ku duba shari'ar makarantar yara ta McMartin a Kalifoniya: daga 1983 har 1990 ana ta fama, an matsa wa yara da tambaya har suka ba da labarin tsafi da ramukan ƙarƙashin ƙasa, ƙarshe ba a samu kowa da laifi ba. Mutuncin mutane kuwa ya riga ya zube. Marubucin da ke nuna duk abin da aka tuno gaskiya ne, wannan wutar yake rurawa.

Malam Sani: Hajiya, a yi adalci. A binciken da ta fitar a 1994, wata mai bincike Linda Williams ta bibiyi mata 129 da asibiti ke da shaidar an ci zarafinsu suna yara. Da aka yi hira da su shekara 17 bayan faruwar abin, kashi 38 cikin 100 ba su ambace shi ba.

Anti Rabi: Rashin ambato ba mantuwa ba ne, Malam. Wata kunya ce, wata kuma tana ƙarama sosai lokacin.

Malam Sani: Na yarda da rabi. Amma ni abin da ke riƙe ni a littattafan ma ba mantuwar ba ce, yadda ake jan mai hankali ne. Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini a Amurka, da ciyar da talakawa da wa'azin daidaiton baƙi da fari ya fara, a 1978 mutum fiye da 900 suka mutu a Jonestown, sansaninsa a ƙasar Guyana. Ga Shakahola a Kenya, 2023, wani fasto ya sa mabiyansa suka yi ta zama da yunwa har suka mutu. Mu nan Kano ma rikicin Maitatsine na 'Yan Awaki a 1980 ba tatsuniya ba ne. Littafi mai kyau yana nuna matakan: a raba ka da dangi, a hana ka barci, a sa ka tona asirinka a gaban jama'a.

Hauwa'u: Yauwa Baba Malam! To Anti, ki bar mana littattafanmu.

Anti Rabi: Ban ce a ƙona su ba, 'yar nan. Ki kawo min guda ɗaya wanda jarumar ta tuno abu, daga baya ya tabbata likitanta ne ya dasa mata shi. Wannan zan saya da kuɗina.