Yawan ram ko saurinsa: abin da aka fi tsayawa a kai

Jama'a, ga abin da na tattara daga bayanan da kuka yi kan tambayar nan: wane ram (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin) ya fi, giga 16 mai gudun 2666 ko giga 8 mai gudun 3200 wanda ya fi sauri?

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa yawa ne a gaba. Idan ram ya cika, Windows kan koma ajiye aiki a faifai, ko SSD ne kuwa, wato faifai mai sauri, bai kama ƙafar ram ba wajen sauri. Daga nan kwamfuta ke fara sanƙarewa. Don haka a buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna yawan ram da ake ci, ana tsakiyar aiki. In ram ya kusa cika, giga 16 ce mafita.

2. Guda biyu masu giga 8 sun fi guda ɗaya mai 16 sauri, saboda hanya biyu suke bi lokaci guda.

3. Inda aka rabu: masu wasan gem a laftof marar katin hoto na daban sun ce sauri yana da tasiri sosai, tunda sashen hoton daga ram ɗin yake ara. Masu aikin ofis sun ce ba su ga bambanci ba. A ganina kowa da gaskiyarsa.

4. In aka haɗa mai sauri da mai jinkiri, duka za su koma gudun mai jinkirin.

Wasu sun ja kunne: ram nau'in DDR5 ba ya shiga gurbin nau'in DDR4, kuma wasu laftof an liƙe ram ɗinsu a jikin allo. A duba kafin a ba da kuɗi.