Wai da me masu rubuta manhajar kyauta suke cin abinci?

Ɗan_Samaru:
Salam 'yan uwa. Akwai wani fodkas na Turanci da nake saurara, The Changelog, hira suke da masu rubuta manhajojin da kowa zai iya buɗe kod ɗinsu (wato rubutun umarnin da aka gina su da shi) ya gyara, to abin da ya ɗaure min kai shi ne mutum ya kwana yana aiki sannan ya saki kyauta, don Allah wa ke biyansa?

Malam_Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba duka ne ke yi a banza ba ai. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, yanzu da yawan masu gyara shi ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel da Google da Red Hat, albashi suke ɗauka. WordPress ma kyauta ce amma ga yaranmu nan a Zariya suna haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet da ita suna samun na cefane. Waɗanda nake tausayi wallahi masu ƙananan manhajoji ne, mutum ɗaya tal, kowa na turo masa ƙorafi a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ba mai ce masa sannu.

Maman_Hanif:
Malam ni damuwata duk hirar da Turanci ake yinta, ɗalibanmu na ABU su yi mana da Hausa mana. Kuma ba sai ka iya kod za ka ba da gudummawa ba, a Common Voice, shirin Mozilla na tattara muryoyin mutane don koya wa kwamfuta gane magana, akwai Hausa, jimla za ka karanta ka ɗauki muryarka a waya shikenan.

Ɗan_Samaru:
Na gode Malam. Anti ina da makirfo, in akwai mai sha'awa mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar.