Taɓawa ce ko Hankaɗa? Tutar da Aka Jefa wa Ossai

Abdul Fagge: Har yau abin da aka yi wa ƙungiyar Bengals a wasansu da Chiefs na gasar ƙwallon Amurka (NFL) a Janairun 2023 yana ci min tuwo a ƙwarya. Wasan neman zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, 20 da 20, saura daƙiƙu kaɗan. Mahomes, mai jefa ƙwallo na Chiefs, ya ruga da ƙwallo ya fita gefe, Joseph Ossai na Bengals ya ɗan taɓa shi, sai ga alƙalin wasa ya jefa tutar laifi, aka matsar da Chiefs gaba yadi 15. Butker na Chiefs ya buga ƙwallo ta shiga tsakanin sanduna daga yadi 45, Chiefs suka ci 23 da 20. Alƙalan nan Chiefs suke yi wa aiki.

Baban Walid: Ya ɗan taɓa shi? Malam Abdul, ka ji tsoron Allah. Hankaɗa shi ya yi ta baya, Mahomes ya riga ya taka farin layi. Da mai ƙwallo ya fita, wasa ya tsaya, duk wanda ya kai masa hannu ya yi laifi.

Abdul Fagge: Ƙato yana tsananin gudu, ka ce ya ja birki a taku ɗaya?

Maryam: Taɓawa ba ta kai mutum ƙasa. Shi kansa Ossai faɗuwa ya yi har ya ji ciwo a gwiwa.

Nura Sabon Gari: Turawa ce, ba hankaɗa ba. Akwai bambanci.

Baban Walid: To faɗa mana bambancin.

Nura Sabon Gari: Kai da ba ka san Chiefs ba sai da suka fara ɗaukar kofi?

Baban Walid: Tun zamanin Alex Smith, mai jefa musu ƙwallo kafin Mahomes, nake tare da su, tambayi Abdul.

Sadiya: Ku da kuke ɗora wa yaron nan laifi, kun san a Legas aka haife shi? Kuka ya zauna yana yi a benci bayan wasan, ni dai ya ba ni tausayi.

Maryam: Anti Sadiya, ni ma na tausaya masa, amma me ya kawo Legas cikin dokar wasa?

Abdul Fagge: Ba wanda ya ce uffan kan yunƙuri na uku, cikin huɗun da ake bai wa ƙungiya ta matsa gaba yadi 10, da aka sa Chiefs suka maimaita saboda matsalar agogon wasa.

Baban Walid: Wancan bai kawo musu maki ko ɗaya ba.

Nura Sabon Gari: Jama'a, mu tsaya nan. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda turawa ce mara ƙarfi, kuma bai kamata tuta ta yanke irin wannan wasa ba. Masoya Chiefs ne kawai suka ƙi.

Maryam: Ni Eagles nake so, Nura, kuma hankaɗa ce.