Me za mu kira stem cell da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, a taimaka mu tsayar da kalma ɗaya. Duk inda aka zo maganar stem cell sai ka ga an rubuta "ƙwayar halitta" an wuce, to ai da ita muke kiran sel, har DNA ma wasu ita suke cewa, mai karatu ya rasa wacce ake nufi. Kuma don Allah kar wanda ya kawo "ƙwayar kara" wai don stem na nufin kara da Turanci, babu ruwan abin nan da karan tsiro. Masanin halittu Bajamushe Ernst Haeckel da ya ce Stammzelle (wato stem cell da Jamusanci) tun 1868 tushen zuri'a yake nufi.

Abu biyu ya kamata sunan ya ɗauka, stem cell tana rabuwa ta haifi irinta sak, sannan tana haifar wadda za ta rikiɗe ta zama jini ko fata ko tsoka. A tsoka abin ya fi fitowa fili. A 1961 wani masanin kimiyya, Alexander Mauro, ya hango wasu ƙananan sel a tsokar kwaɗo, sun manne a gefen zaren tsoka ƙarƙashin siririn tantanin da ya lulluɓe shi, ba sa komai barci kawai suke, sai ranar da tsoka ta yage su farka su yi ta rabuwa, wasu su narke cikin zaren da ya lalace su ɗinke shi, wasu kuma su koma barci don gaba. Su ake ce wa satellite cells, su ma suna bukatar suna.

— Wa alaikumus salam Malam, ni dai "ƙwayar iri" ta fi kwanta min. Manomi ba ya cinye iri duka sai ya ajiye na baɗi, haka ita ma take yi.

— Misalin ya yi ɗan'uwa amma kana cewa iri a jikin mutum hankalin kowa kan maniyyi zai tafi. Ni "uwar ƙwaya" zan ce.

— Haba Hajiya, uwar ƙwaya kuma? Wallahi kamar sunan dilar kayan maye 😂 A bar mu da "ƙwayar tushe" kawai. Larabawa da gangar bishiya suka kira ta, Faransawa da kututture, mu tushe ya ishe mu tunda muna cewa tushen magana, tushen dangi.

— Na goyi bayan tushe, kuma tana karɓar ƙari cikin sauƙi, ƙwayar tushen jini wadda ake dashen ɓargo da ita wa masu sikila, ƙwayar tushen tsoka, haka dai. Sai dai in za a rubuta a riƙa bambanta su, na ɓargo magani ne da ake yi yanzu, na tsoka kuwa har yau bincike ne. Tun farkon shekarun 1990 aka gwada yi wa yara masu cutar Duchenne, wadda ke lalata tsoka, allurar sel na tsoka, ba a samu abin da ake so ba don yawancinsu mutuwa suke da wuri, waɗanda suka rayu ma ba sa nisa da inda allura ta shiga. Kar a ji kalmar da Hausa a ɗauka maganin ya sauka.

Madalla, na gode muku. Mun tsaya a ƙwayar tushe kenan. Na satellite kuma kar a kai mu tauraron ɗan adam, ni "ƙwayar ko-ta-kwana" nake gani, ai aikinta kenan, tana kwance cikin shiri.

— Ta zauna Malam. Saura irin wadda masanin kimiyyar Japan Shinya Yamanaka ya samar a 2006, da ya ɗauki sel na ɓera da ya riga ya girma ya mayar da shi baya ya koma tushe. "Tushen ƙirƙira" ko "komayya"?