Ƙanina ya samu ABU kuma yana son shiga tim ɗin kwando, ina neman shawara

Yayan_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka yi ABU ko suke ciki yanzu ku taimaka min. Ƙanina ya samu admishan a Samaru bana, yaron tun yana sakandare ba shi da magana sai kwallon kwando, dogo ne kuma wallahi Allah ya ba shi hannu, duk yamma sai ya hau mashin daga Tudun Wada ya tafi tirenin. Yanzu burinsa ya shiga tim ɗin makaranta ya je NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya. Baba kuma ya ce shi karatu ya tura shi ba tsalle-tsalle ba, ni aka bari a tsakiya, kowa ni yake kawo wa ƙara. Ya ake shiga tim ɗin ne? Kuma tsakani da Allah mutum zai iya haɗa wasan da karatu bai kwaso keri-oba ba?

TsohonSuleiman:
Wa alaikumussalam. Malam ai ƙaninka ya faɗo gidan kwando, duk Najeriya in ana maganar jami'ar da ta raini 'yan kwando dole a ambaci ABU. Ka tambayi kowa a Samaru waye Koci OBJ, wato Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana koyar da yara. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun wannan kocin ya koyi wasa, kuma shi ne shugaban tim ɗin Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 2019. Ka faɗa wa Baba wannan, yaron da ya taka ƙasar Samaru ne ya kai can, kuma ba ma da wasan kawai ya kai ba, da ilimi da iya tafiyar da mutane.

Batun shiga kuma ba wani dogon abu ba ne. Ya je jim, wato ɗakin wasanni, da yamma ya gaida koci ya ce yana son ya riƙa tirenin da su, shi ke nan. Ba ranar farko za a ba shi riga ba, sai an ga naci. Akwai gasar tsangayoyi da ake yi, nan ne ake tsintar yara, in ya yi wa tsangayarsu wasa mai kyau da kansu za su neme shi. Lokacinmu ina zaune a hostel ɗin Suleiman, in ana wasa tsakanin tsangayoyi ko wurin tsayawa ba ka samu, 'yan kampus ɗin Kongo su cika motoci su taho da ganguna, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Maman_Hibba:
Ni dai ɗan'uwa kar ka ga laifin Baba, abin da ya hango gaskiya ne. Na yi kwallon hannu shekara biyu ina hostel ɗin Amina, kuma na ga waɗanda wasa ya cinye. Matsalar ba tirenin ɗin yamma ba ce, wannan ma yana wartsake kwakwalwa. Matsalar ita ce shiga sansanin tirenin, in gasa ta matso sai a kwashe ku safe da yamma, ka dawo ɗaki jiki duk ya mutu ko littafi ba ka iya buɗewa, ga tes yana jiranka. Akwai wata semista da na rasa tes na tafi wasa, malamin (ba zan faɗi ko waye ba) ya ce shi bai san da zancen ba, sai da na sake kos ɗin, na yi kuka sosai a lokacin. Laifina a ciki shi ne ban kai takarda da wuri ba. Don haka ka ja masa kunne, duk tafiyar da za a yi ya karɓi takarda daga ofishin wasanni ya kai wa kowane malami hannu da hannu kafin ya tafi, ba bayan ya dawo ba.

Kuma ajin farko ya sassauta. Ya fara kafa sakamakonsa tukuna, tim ba inda za ta je.

Dan_Kongo:
Ƙari a kan na Maman Hibba, NUGA ba kowace shekara ake yi ba, kar yaro ya ɗauka yana shiga zai tafi. An fara ta 1966 a Ibadan, ABU ma ta karɓi baƙuncinta a 2001, ta 2022 kuma a Jami'ar Legas aka yi. Kafin nan sai an buga na shiyya an fito. Sama da ita akwai WAUG ta Afirka ta Yamma, da FASU ta Afirka baki ɗaya, sai FISU ta duniya. Kuma duk sai kana cikakken ɗalibi mai rajista za ka buga, wanda aka kora saboda faɗuwa ya fita daga lissafi. Wannan kaɗai ka gaya wa Baba, wasan ma shi zai tilasta masa riƙe karatun.

Yayan_Sadiq:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Hibba maganarki ta shige ni, zan karanta masa ita yadda kika rubuta. Na yanke shawara ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zaunar da su biyun, in ce a bar shi ya riƙa zuwa tirenin sau uku a sati, in sakamakon semista ta farko ya fito da kyau a ƙyale shi, in bai yi ba ya ajiye da kansa. Yaya TsohonSuleiman, takalmin fa, makaranta ke bayarwa ko mu za mu saya? Nasa duk ya cinye a ƙasa.

TsohonSuleiman:
Ku saya masa kawai, kar ya jira kowa. Ku leƙa 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari da safe ranar da aka buɗe dila, ana samun masu kyau. Ya duba ƙasan da kyau kar ya zama mai santsi, kuma ya ɗauki mai rufe idon sawu, don targaɗe shi ne ciwon 'yan kwando.